Janar Vuillemin, Mutumin Da Ya Fara Ƙetare Hamada Da Jirgin Sama

  Yau tarihi za mu karanta. Ku gyara zama, ku bi layi da yatsa, wanda ya ci karo da baƙon suna kada ya ji kunyar tambayar malaminsa.

Kowa a cikinku ya taɓa ɗaga kai daga gona ya ga jirgin sama ya ratsa. Wasu ma sun shige shi zuwa aikin hajji. To, wa ya fara kawo wannan abu sararin samaniyar ƙasashenmu na bakin hamada, kuma me ya zo nema? Mutumin Bafaranshe ne, soja. Sunansa Joseph Vuillemin. Ku dubi baƙin farko na sunan. Babu shi cikin baƙaƙen Hausa da muka koya. A baki ana faɗin sunan kamar a ce "Wiyman". A Faransa an yi mishi kirari shekara da shekaru, daga baya kuma an zarge shi. Mu ma muna da tamu maganar a kansa, amma sai mun ji labarin tukuna.

An haife shi a birnin Bordo cikin 1883. Ba ɗan sarauta ba ne. Ya shiga soja a ƙaramin kurtu, ɓangaren masu harba igwa, ya yi ta hawa har ya zama hafsa. Cikin 1913 ya sami takardar tuƙin jirgin sama. Ku lura, a lokacin shekara 10 kacal ke nan da wasu Amurkawa biyu, wa da ƙane, suka fara tashi sama da jirgi mai inji, cikin 1903. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke cikin 1914, Vuillemin ya yi shi a sama, har ya shugabanci rundunar jiragen da ke jefa bama-bamai. Alamar da yake zanawa a jikin jirginsa wata ƴar kaza ce ja, irin wadda yara ke naɗewa da takarda.

Yanzu mu dawo gida, don a nan ne dalilin zuwansa yake. Cikin 1916, Faransa na fama da yaƙi a Turai, sai hamada ta kama wuta. Fihirun, sarkin Abzinawan yankin Menaka, ya tayar, har mutanensa suka kai hari Filinge. A ƙarshen wannan shekara Kawusan ya kewaye barikin Faransawa a Agadas, ya riƙe garin wajen wata uku, sai cikin Maris 1917 aka kore shi. Kafin sojojin taimako su taso daga Damagaram da sauran wurare su isa, an sha kwanaki masu yawa bisa hanya, a ƙasa da kan raƙumi. Faransawa sun ji tsoro ƙwarai. Sun gane cewa hamada ta raba mulkinsu biyu: Aljeriya a arewa, ƙasashenmu a kudu, tsakani kuwa tafiyar watanni. Da aka gama yaƙin Turai cikin 1918, ga jirage da matuƙa sun yi yawa ba aikin yi, sai manyan soja suka ce a gwada ƙetare hamada ta sama. Kun ga ke nan, ba don alhazai ko ƴan kasuwa aka buɗe wannan hanya ba. An buɗe ta don soja da umarnin gwamna su riƙa isa da sauri.

A farkon 1920 aka tara jirage a Aljeriya, suka yi ta sauka zango-zango har Tamanraset, garin Abzinawan Ahaggar. Wasu sun lalace bisa hanya. Ranar 18 ga Fabrairu 1920 jirage biyu suka tashi daga Tamanraset suka nufi kudu, wajen kogin Kwara. Na gaba, Vuillemin ne ke tuƙa shi, da wani hafsa mai suna Chalus mai duba hanya. Na baya, wani saurayi ne mai suna Bernard ke tuƙi, da makanikensa Vasselin, da wani babban baƙo, Janar Laperrine.

Wannan Laperrine tsoho ne, shekararsa 59. Shi ne ya kafa sojan raƙumi na Faransa a hamadar Aljeriya cikin 1902, shi kuma aka dawo da shi cikin 1917 don ya kashe wutar tawayen. A wajen Faransawa babu wanda ya san hamada kamarsa. Jirgin kuwa wurin mutum biyu gare shi. Don haka janar guda, da furfurarsa, bisa cinyar makanike ya zauna.

Kada ku ɗauka irin jirgin yau ne. Fukafukai biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, da inji guda a gaba. An ƙera gangar jikin da ƙarfe marar nauyi da itace, aka rufe da ƙyalle. Babu rufi bisa kan matuƙi, iska na dukan fuskarsa. Matuƙan ba su iya magana da juna daga jirgi zuwa jirgi kamar yadda ake yi yanzu. Taswirar hamada kuwa rabinta fari ne fat, ba a rubuta kome ba.

Ku da kuke zaune a Adar kun san hazon watan Fabrairu. Akwai ranar da mutumin Keita zai fito da safe ya nemi dutsen da ke bayan gidansa ya rasa. Irin wannan hazo ne ya tare su. Ƙasa ta ɓace musu. Duwatsu da ƙoramu da aka ce su bi, ba su gan su ba. Suka dogara da kamfas, wato ƴar na'urar nan mai allura da ke nuna arewa. Allura dai ta faɗi gaskiya, amma ba ta faɗa maka cewa iska na tura ka gefe. Iska ta yi ta tura su gabas, sa'a bayan sa'a, ba su sani ba.

Man jirgin baya ya ƙare. Bernard ya nemi wuri ya sauka, ƙafafun jirgin suka nutse cikin rairayi, jirgin ya kife. Samarin biyu sun fita da ƴan raunuka. Tsohon ne ya ji ciwo ƙwarai, a kafaɗa da haƙarƙari. Suka ɗauki ruwa suka taka da ƙafa neman hanya, ba su ga kowa ba, suka komo wurin jirgin. Suka riƙa auna ruwan da ya rage, har da wanda ke cikin injin jirgi. Masu nemansu kuwa suna can yamma, kan hanyar da aka ce za su bi. Ranar 5 ga Maris Laperrine ya mutu. Samarin biyu suka rufe shi da rairayi, suka zauna jiran tasu. Sai bayan sama da mako uku da faɗuwar, wani ayarin sojan raƙumi ya ci karo da su, saura ƙiris. Raƙumin da aka zo a nuna an wuce zamaninsa, shi ya ceci matuƙin jirgin sama. Aka ɗauki gawar janar aka kai Tamanraset, daga baya Faransawa suka sa wa barikin garin sunansa.

Vuillemin fa? Shi ya ci gaba. Ya sauka cikin daji ya kwana, kashegari ya sake tashi, Allah ya sa ya faɗa a kan Menaka, garin Fihirun, wanda ke cikin Mali a yau, kilomita 300 da wani abu yamma da Tawa. Daga Tamanraset zuwa can ya fi kilomita 800 a miƙe. Ayari mai yin kilomita 30 ko 40 a yini sai ya shafe kusan wata guda. Shi ke nan, an ƙetare hamada ta sama karo na farko. Ya bi ta Gao da Bamako, ya isa Dakar a ƙarshen watan Maris.

A nan ina so mu tsaya. Ƴan'uwanmu Kel Geres na Arzarori da Galma jikokin masu ayarin gishiri ne, fatake kuma babu irin waɗanda ƙasar Hausa ba ta gani ba. Kowa ya san dokar ayari: madugu ba ya shiga zango sai ya san inda na bayansa yake. Vuillemin shi ne na gaba, shi ke jan hanya, kuma ya isa shi kaɗai. In a ayari ne, da ya sha tambaya a gaban manya. Amma mu yi mishi adalci. Raƙumi yana iya durƙusawa ya jira. Jirgi ba ya tsayawa a sama, kowane kewaye da ya yi mai ne ke ƙonewa. Da ya sauka cikin wannan rairayi, da wataƙila mutum biyar za a yi ta nema maimakon uku. Ni dai ban iya cewa ya yi laifi. Abin da na lura da shi kawai, a ranar nan shi ma ɓata ya yi kamar na bayansa. Ɗaya ya ɓata ya mutu, ɗaya ya ɓata ya faɗa kan gari, sai aka kira na biyun gwani.

Akwai wani lissafi kuma. Daga Tamanraset zuwa Menaka kwana biyu. Daga Menaka zuwa Dakar kusan kwana 40. Jirgi ba ya tashi sai mai ya riga shi isa zango, mai kuwa a wancan zamani bisa raƙumi yake tafiya, ko cikin kwalekwale, ko bisa kan mutum. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Cikin 1925 Vuillemin ya zo ƙasarmu da kansa. Faransa ta aiko manyan jirage biyu, kowane da inji huɗu, ƙarƙashin wani Kanar de Goÿs, da niyyar su kai tafkin Cadi. Suka ƙetare hamada lafiya suka sauka Yamai cikin Fabrairu. A lokacin Yamai ƙaramin gari ne. Babban birnin mulki yana Damagaram, sai cikin 1926 aka maido shi Yamai. Da suka zo tashi don su nufi gabas, jirgin da Vuillemin ke tuƙawa ya ɗaga kaɗan ya faɗo. Mai kula da waya a cikin jirgin ya mutu. Vuillemin ya ji mummunan ciwo a ka. Abokin tuƙinsa Dagnaux, wanda dama ƙafa ɗaya gare shi tun yaƙin Turai, shi ma ya raunata. Tafiyar ta ƙare a nan. A watan Nuwamba na wannan shekara jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar suka sauka Kano. Turawan biyu tsere suke yi bisa kawunanmu.

Wani da ya faɗo haka sai ya bar sana'ar. Vuillemin ya warke ya koma. Jaruntakarsa dai babu mai musunta ta. Aka ba shi shugabancin jiragen soja a Aljeriya, cikin 1932 kuma aka ba shi na Maroko. A shekarun nan Faransa na ƙarasa yaƙi da mutanen duwatsun Maroko da suka ƙi miƙa wuya. Cikin 1933, a dutsen Bugafer, ƙabilar Ait Atta ta tsaya wajen kwana 40, maza da mata da yara, igwa na dukansu daga ƙasa, jirage na jefa musu bama-bamai daga sama. Masu yi mishi kirari ba su cika tsayawa kan wannan babi ba.

Abin da ya kai sunansa ƙololuwa shi ne tafiyar ƙarshen 1933. A damanar wannan shekara wani janar na Italiya mai suna Balbo ya ja jirage 24 ya ƙetare teku har Amurka, duniya ta ɗauka. Faransa ta ji kishi. Ministan jiragen sama, Pierre Cot, ya ce a ba Vuillemin runduna ya kewaye ƙasashen da Faransa ke mulka a Afirka. Ranar 8 ga Nuwamba 1933 jirage 28 suka tashi daga kudancin Faransa. Suka bi ta Maroko, suka ƙetare hamada zuwa Gao, suka je Bamako da Dakar, suka juyo gabas ta Wagadugu zuwa Yamai. Daga Yamai sai Damagaram, daga nan sai Fort-Lamy, wadda ake kira Njamena yanzu, har Bangi. Sa'an nan suka komo. Tafiyar ta fi kilomita 20,000. Cikin Janairu 1934 shugaban ƙasar Faransa ya tarbe su a Paris, aka rataya wa Vuillemin lambar girma mafi daraja ta ƙasarsu. Jaridu suka sa wa tafiyar suna "Baƙar Tafiya", wai don ƙasar baƙar fata aka ratsa.

Ku ɗauko taswirar Nijar da ke bangon cibiyarku, ku aza tsinke daga Yamai zuwa Damagaram. Za ku ga tsinken ya bi ta kudancin ƙasa, ba nisa da Ƙonni da Madawa da Maradi. Ku yi tunanin manomi a watan Nuwamba, ya gama ɗaure damman hatsi, bai taɓa ganin ko mota sosai ba, sai ya ji rugugi ba hadari, ya ga abubuwa jere a sama kamar zalɓe. Wannan tsoron da ya ji, yana cikin abin da aka zo nema. Jirage 28 ba su kawo magani ba, ba su kawo hatsi ba. Sun zo su nuna wa talaka da sarki cewa mai mulki yana da dogon hannu.

Kuma ku dubi shekarar. Cikin 1931 yammacin Nijar ya sha yunwa mai tsanani, bayan fara ta cinye amfanin gona. Dubban mutane sun mutu, wasu garuruwa sun watse, mutane suka gudu Nijeriya da Gwalkwas, wato Gana ta yau. Haraji kuwa ba a daina karɓarsa da wuri ba. Shekara biyu bayan haka ne aka sami kuɗin kai man jirage 28 zango-zango har tsakiyar Afirka.

Yanzu mu komo kan lissafin nan na ɗazu. Jirgi yana bukatar fili. Filin da jirgi zai sauka sai an sare itatuwa, an tumɓuke kututture, an rushe suri, an cike ramu, an kwashe duwatsu, an daddaɓe ƙasa. Bayan kowace damana sai an sake. A ƙasashen da Faransa ta mulka, irin wannan aiki, da na hanyoyin mota, da na ginin bariki, da aikin tilas aka yi shi. Kumandan ya aika wa sarki, sarki ya aika wa maigari, gardi ya zo ya tasa ƙarti gaba. Ba a biya, sau da yawa ma mutum da guzurinsa yake zuwa. Ba a soke aikin tilas ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda Houphouët-Boigny na Kodebuwa ya gabatar a majalisar Faransa. Littattafan Faransa sun ajiye sunan kowane matuƙi, da sunan makanike, har da lambar jirgi. Na mai gatari da mai kwando ba a rubuta ba. Waɗanda suka yi aikin ba su iya rubutu da boko ba, wanda ya iya kuwa bai ga dalilin tambayar sunansu ba.

Sauran rayuwarsa a Turai ta gudana, za mu taƙaita. Cikin Fabrairu 1938 aka naɗa shi shugaban dukan sojan sama na Faransa. A lokacin Hitila na Jamus yana shirin yaƙi. Cikin Agusta 1938 Jamusawa suka gayyaci Vuillemin, suka zagaya da shi masana'antun jiragensu. Sun nuna mishi ƙarfi na gaske, sun kuma haɗa da dabara: wani sabon jirgi mai gudu da suke da ƴan ƙwayoyi kaɗan, suka sa ya ɗauka ana ƙera shi da yawa. Ya komo gida jikinsa ya yi sanyi. Ya gaya wa gwamnati cewa in aka shiga yaƙi a lokacin, jiragen Faransa ba za su wuce mako biyu ba. A ƙarshen Satumba shugaban gwamnati Daladier ya je birnin Munik, shi da na Ingila, suka sa hannu aka ba Hitila wani yanki na ƙasar Cekoslobakiya don a kauce wa yaƙi. Wani shahararren matuƙi Ba'amurke, Lindbergh, wanda ya ƙetare tekun Atlantika shi kaɗai cikin 1927, shi ma Jamusawa sun zagaya da shi, shi ma ya dawo yana ba da irin wannan labari mai karya zuciya.

Har yau masana tarihi ba su daina gardama a kan wannan ba. Wasu sun ce Vuillemin ya faɗi gaskiya mai ɗaci, don jiragen Faransa tsofaffi ne, kuma ba shi ya bar su suka tsufa ba. Wasu sun ce an ruɗe shi, tsoronsa ya kama shugabanni, aka ba kura ajiyar nama. Ni abin da na gani, jiragen da aka yi ta tafa wa cikin 1933 irin na tun wajen 1925 ne. Sun isa su firgita manomin Gobir da ba ya da ko bindiga. Faransa ta ga tafin da aka yi ta ɗauka ƙarfi gare ta.

Yaƙin bai fasa zuwa ba. Cikin Mayu 1940 Jamus ta afka wa Faransa, cikin mako shida aka gama da ita. Vuillemin ya ba da umarni a kwashe jiragen da suka rage zuwa Afirka ta Arewa. Bai bi Janar de Gaulle ba, wanda ya tafi Ingila ya ce a ci gaba da yaƙi, kuma kafin shekarar ta ƙare ya bar aiki. Nijar ta zauna ƙarƙashin gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus har ƙarshen 1942, alhali Cadi ta bi de Gaulle tun Agusta 1940. A shekarun nan an tsananta tsaron iyaka tsakaninmu da Nijeriya, an ƙara matsa wa talakawa da karɓar hatsi da dabbobi. Can kudu kuwa jiragen yaƙin Ingila na sauka Kano da Maiduguri bisa hanyarsu ta zuwa Masar.

Vuillemin ya mutu a birnin Liyon cikin 1963, shekara uku bayan Nijar ta sami ƴancin kai. Hanyar da ya buɗe ba ta rufe ba. Abokinsa Dagnaux, mai ƙafa ɗaya, shi ya shugabanci kamfanin da ya riƙa ɗaukar wasiƙu da fasinja daga Aljeriya zuwa Kongo tun 1934, yana ratsa ƙasarmu. A farin 1973 da 1974 jirage sun kai hatsi arewacin Nijar inda mota ta kasa isa da wuri. Kakanninmu sun yi shekaru bisa hanyar Makka ta Cadi da Sudan, wasu ba su komo ba, yau alhaji na tashi Yamai da safe ya yi sallar dare a ƙasa mai tsarki. Jiragen soja na baƙi ma sun daɗe tare da mu: na Faransa sun bar Yamai a ƙarshen 2023, na Amurka sun bar Agadas cikin 2024.

Ga aikin da muke roƙonku wannan mako. Wanda aka haifa shekarar da jirage 28 suka ratsa ya wuce shekara 90 yanzu, don haka da wuya ku sami wanda ya gani da idonsa. Amma akwai tsofaffi a Madawa da Buza da Keita da suka ji daga bakin iyayensu. Ku je ku gaishe su, ku tambaye su: yaushe aka fara ganin jirgin sama a garinku, me mutane suka ce da shi, ina suka gudu? Wa aka kama aikin tilas a gidanku, ina aka kai shi, kwana nawa ya yi, ya komo ko bai komo ba? Ku rubuta cikin littafinku da hannunku, ko layi biyar ne. Ku sa sunan garin, da sunan mai ba da labarin, da sunan wanda aka kama da na ubansa. In kun gama ku ba malamin cibiyarku, shi zai tattara ya aiko mana.